Firimiya Ba Firayim Minista Ba Ne: Gyara a Kan Kalmomin Tsarin Mulkin Majalisa



Tun watan Fabrairun 2024, lokacin da wasu 'yan Majalisar Wakilai su 60 suka gabatar da ƙudirin gyaran tsarin mulki domin Nijeriya ta koma irin tsarin da ta bi a Jamhuriya ta Farko, ake ta bayani da Hausa a kan maganar. Gidajen rediyo sun yi, jaridun intanet sun yi, masu Facebook ma ba a bar su a baya ba. Abdussamad Dasuki, ɗan majalisa daga Sakkwato da ya yi magana da yawun masu ƙudirin, ya ce shekarar 2031 suke hange. Ko ƙudirin ya kai gaci ko ya mutu a hanya, wannan na 'yan siyasa ne. Namu a nan shi ne kalmomin da ake ɗora maganar a kansu, domin yawancin abin da ake rubutawa ciwonsa guda ne: ana ɗauko kalmar wani tsari a liƙa wa wani tsarin, sai mai karatu ya tashi da fahimtar da ba ita ba.

Kada ka ce wannan ƙaƙale ne na malaman Hausa. Idan aka koma tsarin yadda yake a Jamhuriya ta Farko, mutumin Aujara ba zai sake ganin akwatin zaɓen shugaban ƙasa a rumfarsa ba. Ƙuri'ar da zai jefa wa ɗan majalisar Jahun da Miga, ita ce kuma ƙuri'arsa ta wanda zai riƙe ƙasar. Wanda za a nemi ya yarda ko ya ƙi irin wannan canji, ai hakkinsa ne a yi masa bayani da kalmomin da ba za su ɓatar da shi ba.

Ga ma'aunin da za mu yi aiki da shi. Duk sunan muƙamin da za ka rubuta, yi wa kanka tambaya biyu: wa ya ɗora mai muƙamin, kuma wa zai iya sauke shi? Idan kalmar da ka zaɓa ta sa mai karatu ya ba da amsar da ba daidai ba, to ka canja ta.

SUNAN TSARIN KANSA

Abin da ya fi yawo shi ne "tsarin firaminista". Yana da daɗin faɗa, amma ya faɗi a gwajinmu. Dubi Nijar. A watan Agustan 2023 sojojin da suka karɓi mulki suka naɗa Ali Mahaman Lamine Zeine firaminista, a lokacin da babu majalisar dokoki ko ɗaya da ke zama a Yamai. Kamaru ma tana da firaminista, amma kowa ya san a hannun Paul Biya iko yake. Ka ga ke nan samun firaminista bai nuna irin tsarin ba. Ta ɗaya gefen kuma, Jamus ba ta da wanda ake kira firaminista a matakin ƙasa, alhali tsarin da muke magana a kansa take bi.

Wasu kan ce "tsarin Birtaniya". Wannan ya kama rabi ya saki rabi, domin Birtaniya ba tarayya ba ce. Abin da Nijeriya ta yi daga 1960 zuwa 1966 abu biyu ne a haɗe: tarayya, da kuma gwamnatin da ke fitowa daga cikin majalisa. Masu irin wannan haɗin a yau su ne Indiya, Jamus, Kanada, Ostareliya, Maleshiya, Pakistan da Habasha.

Sunan da ya fi dacewa shi ne "tsarin mulkin majalisa", idan kuma za a cika, "tsarin tarayya mai mulkin majalisa". Dalili, majalisa ce ke ɗora gwamnati, ita ce kuma ke sauke ta. Sunan ya riga ya amsa tambayoyin nan biyu.

SHUGABAN ƘASA DA SHUGABAN GWAMNATI

Duk wanda ya tashi daga 1979 zuwa yau, mutum ɗaya ya sani a sama. Daga Shehu Shagari har zuwa Bola Tinubu, wanda ake kira shugaban ƙasa shi ne mai naɗa ministoci, shi ne mai kai kasafin kuɗi, shi ne babban kwamandan askarawa. Shi ya sa kunnenmu ya daina bambance "shugaban ƙasa" da "shugaban gwamnati". Sai ka ga an rubuta:

"Tafawa Ɓalewa shi ne shugaban ƙasar Nijeriya na farko."

Ba haka ba ne. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa Firayim Minista ne, wato shugaban gwamnati, tun 1957 har zuwa 15 ga Janairun 1966. Daga ranar 'yancin kai zuwa 1963, Sarauniyar Ingila ce shugabar ƙasa a hukumance, Gwamna-Janar yana wakiltarta. Dokta Nnamdi Azikiwe ya karɓi wannan kujera daga Sir James Robertson a watan Nuwamban 1960. Ranar 1 ga Oktoban 1963 Nijeriya ta zama jamhuriya, Azikiwe ya koma Shugaban Ƙasa, kuma ba jama'a ne suka zaɓe shi a rumfa ba.

Ikon nasa ina ya tsaya? Bayan zaɓen 30 ga Disamban 1964, wanda aka yi ta ƙorafi a kansa har wasu jam'iyyu suka ƙaurace, Azikiwe ya yi kwanaki bai kira Ɓalewa ya kafa gwamnati ba. Daga ƙarshe dai, ranar 4 ga Janairun 1965, ya kira shi, domin tsarin mulki bai ba shi damar kiran kowa ba sai wanda ke da rinjaye a Majalisar Wakilai. Sunan babba ne, amma akalar tana hannun wani.

A nan dole mu yaba wa Sashen Hausa na DW. Shekara 16 Angela Merkel ta yi a kan mulki, kuma "shugabar gwamnatin Jamus" suke ce mata. Wannan shi ne daidai, domin Jamus tana da shugaban ƙasarta daban, Frank-Walter Steinmeier, tun 2017. Haka Indiya: Narendra Modi shugaban gwamnati ne, Droupadi Murmu kuma ita ce shugabar ƙasa tun 2022. Wanda ya rubuta "shugaban Indiya Modi" ya gudu ne daga zaɓi, ya bar mai karatu ya cike gurbin da abin da ya saba, abin da ya saba kuwa "shugaban ƙasa" ne.

FIRIMIYA, FIRAYIM MINISTA DA GWAMNA

Waɗannan uku su ne ɗalibai suka fi cakuɗawa, manya ma ba su tsira ba. Za ka ji an ce "Sardauna firaministan Arewa", ko kuma "Sardauna gwamnan Arewa". Dukkansu kuskure ne.

Kakanninmu sun raba kalmomin tun da wuri. Firayim Minista na tarayya ne, yana Ikko. Firimiya na jiha ne. Sir Ahmadu Bello Firimiyan Jihar Arewa ne daga 1954 zuwa 1966, yana Kaduna. A lokacin juyin mulkin 1966 firimiyoyi huɗu ne a ƙasar: shi a Arewa, Samuel Ladoke Akintola a Yamma, Michael Okpara a Gabas, da Dennis Osadebay a Tsakiyar Yamma. Firayim Minista kuwa ɗaya ne tak.

Gwamna fa? Akwai shi, amma ba irin wanda ka sani a gidan gwamnati na Dutse ba. Gwamnan Arewa daga 1962 zuwa 1966 shi ne Sir Kashim Ibrahim, mutumin Barno, wanda ya gaji Sir Gawain Bell. Naɗa shi aka yi, bai tsaya takara ba. Aikinsa ya buɗe majalisa, ya sa hannu a doka, ya kira mai rinjaye ya kafa gwamnati. Gwamnan Jigawa na yau ya haɗa aikin Sir Kashim da na Sardauna a kujera ɗaya. Don haka idan ka rubuta "gwamna" kana maganar wancan zamani, sai ka ƙara bayani, in ba haka ba mai karatu zai ɗora wa Sir Kashim ikon da bai taɓa riƙewa ba.

Wannan rabon yana da amfani har gobe. A Kanada, Mark Carney Firayim Minista ne, Doug Ford kuma Firimiyan Ontario. Hausa tana da kalmomin a ajiye, me zai sa mu zubar da ɗaya?

Sai ɗan nahawu. "Firimiya", "minista" da "gwamna" duk da wasalin -a suka ƙare, amma jinsinsu na bin mai riƙe da muƙamin. Namiji: Firimiyan Arewa, ministan tsaro, Firayim Ministan Indiya. Mace: ministar kuɗi, Firayim Ministar Indiya Indira Gandhi. "Firimiyar Arewa Ahmadu Bello" kuskure ne mai nauyi, ka mayar da Sardauna mace ke nan. Jam'i kuma firimiyoyi, ministoci, gwamnoni. Wajen rubutu ana samun "Firayim Minista", "Firaminista" da "Firaiminista". Na farko shi ne na tsofaffin rubuce-rubuce, na biyu shi ya fi yawa yanzu. Duk wanda ka ɗauka, ka tsaya a kansa har ƙarshen rubutunka.

GWAMNATI, MAJALISA DA MINISTA

A bakinmu "gwamnati" ta haɗa komai: asibiti, makaranta, ɗan sanda, albashi, har rijiyar burtsatse. A tsarin mulkin majalisa kalmar tana da wata ƙunƙuntar ma'ana, wato Firayim Minista da ministocinsa kawai. Shi ya sa idan aka ce "gwamnatin Jamus ta rushe", sai mutuminmu ya zaci ƙasar ta shiga halin ni-'yasu, alhali jiragen ƙasa na tafiya, malamai na karɓar albashi. Abin da ya faru bai wuce ministoci sun rasa goyon bayan majalisa ba. Da ka ce "gwamnati ta rushe", gara ka ce "gwamnati ta rasa rinjaye a majalisa", ko "ƙawancen da ke mulki ya watse".

"Kafa gwamnati" ma haka. Ba sabon mulki daga tushe ake nufi ba, harhaɗa ministocin da majalisa za ta mara wa baya ake nufi. A zaɓen 1959 kujerun Majalisar Wakilai 312 ne. NPC ta ci 134, NCNC da ƙawayenta 89, AG 73. Babu wadda ta kai 157, sai NPC da NCNC suka haɗu. Wannan "gwamnatin ƙawance" ce, ko "gwamnatin haɗaka". Masu cewa "haɗin gambiza" su sani kalmar na ɗauke da ɗan ba'a, kamar an haɗa abin da bai dace da juna ba. A sharhi ta halatta, a labari kuwa ka riga ka yanke hukunci.

Ita kuwa "majalisa", kowa na da tasa. Akwai majalisar Sarkin Dutse, akwai majalisar ƙaramar hukumar Jahun, akwai ta gindin bishiya inda ake shan shayi bayan la'asar. A fagen mulki dai ka raba biyu: majalisar dokoki mai yin doka, da majalisar ministoci mai zartarwa. Rubuta "majalisa ta amince" ba tare da fayyace wace ba, rabin labari ne.

A nan ne ma babban bambancin tsarin biyu yake. A tsarinmu na yanzu, sashe na 147 na kundin 1999 ya ce ɗan majalisar da aka naɗa minista ya bar kujerarsa ke nan da zarar ya yi rantsuwa. Shi ya sa aka iya naɗa tsohon gwamnan Jigawa, Muhammad Badaru Abubakar, ministan tsaro a 2023 ba tare da yana majalisa ba. A Jamhuriya ta Farko akasin haka ne. Muhammadu Ribaɗu da ya riƙe ma'aikatar tsaro har rasuwarsa a 1965, da Inuwa Wada da ya gaje shi, duk 'yan majalisa ne, a zauren suke zama, a nan ake yi musu tambayoyi ido da ido. Kalmar "minista" ɗaya ce, amsar tambayoyinmu biyu ce ta bambanta.

Haka "sanata". Na yau zaɓaɓɓe ne, uku daga kowace jiha da ɗaya daga Abuja, 109 ke nan. Na wancan zamani zaɓo su gwamnatoci suke yi, 12 daga kowace jiha, kuma ƙarfin yana wurin Majalisar Wakilai. A Kaduna ma majalisu biyu ne, ta wakilai da ta sarakuna.

TSIGEWA DA YANKAN ƘAUNA

Wannan shi ne kuskuren da ya fi ɓarna. Ranar 10 ga Afrilun 2022 majalisar Pakistan ta sauke Imran Khan da ƙuri'a 174 cikin kujeru 342, sai aka wayi gari ana ta rubuta "an tsige Imran Khan".

Ka dubi kalmar. Gashi ake tsigewa, da ƙarfi, da zafi. A siyasar Nijeriya kuma tsigewa na da matakai: a rubuta tuhumar aikata babban laifi, a kafa kwamitin bincike na mutum bakwai, sannan a samu kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa. Sashe na 143 ne na shugaban ƙasa, na 188 na gwamna. Duk wanda ya ji "an tsige", laifi zai fara tambaya.

Abin da aka yi wa Imran Khan ba ya buƙatar tuhuma ko bincike. Rinjaye kawai ake ƙirgawa. Hausa kuma ta riga ta yi masa suna mai kyau: "ƙuri'ar yankan ƙauna", wasu su ce "ƙuri'ar rashin amincewa". Majalisa ta yanke ƙauna daga gare ka, ta daina tafiya da kai, shi ke nan. Maƙwabtanmu sun san wannan sarai, domin da irin wannan ƙuri'a majalisar Nijar ta sauke gwamnatin Hama Amadou ranar 31 ga Mayun 2007.

In kana son ganin bambancin a gida, tuna Balarabe Musa. Ya ci gwamnan Kaduna a PRP a 1979, amma NPN ce ke da rinjaye a majalisar jiha. Suka yi ta watsi da sunayen kwamishinoninsa, har suka tsige shi a watan Yunin 1981. Wannan tsigewa ce ta gaskiya. A tsarin mulkin majalisa ba za a ma fara wannan jan igiyar ba, domin wanda ba shi da rinjaye ba zai hau kujerar ba tun farko. Ko hakan alheri ne ko akasinsa, kai za ka auna. Amma ba za ka iya aunawa ba idan an kira abu biyun da suna ɗaya.

Sai "rusa majalisa". Kunnen ɗan Nijeriya, da ya ji wannan, kaki yake tunawa da kiɗan soja a rediyo. A tsarin da muke magana a kai, hanya ce da doka ta tanada. Olaf Scholz ya rasa ƙuri'ar amincewa ranar 16 ga Disamban 2024, shugaban ƙasa ya sallami majalisa, aka yi zaɓe ranar 23 ga Fabrairun 2025, sabuwar majalisa ta zaɓi Friedrich Merz ranar 6 ga Mayu. Ba tanka, ba bindiga. Idan za ka rubuta irin wannan, ka cika jimlar: "an sallami majalisa domin a yi sabon zaɓe".

ADAWA DA KAKAKI

"Madugun 'yan adawa" kalma ce mai kyau, ta fito daga madugun ayari. Amma a yau duk wanda ya zo na biyu a zaɓen shugaban ƙasa, shi ake liƙa wa, alhali ba shi da kujera a majalisa, ba shi da ofis a doka. Laƙabi ne kawai. Muƙamin da ke majalisarmu shi ne shugaban marasa rinjaye. A tsarin mulkin majalisa kuwa madugun adawa muƙami ne sananne. Obafemi Awolowo ya riƙe shi bayan zaɓen 1959, yana zaune yana fuskantar Ɓalewa, da mutanensa masu bin diddigin kowace ma'aikata.

Kuma a tarayya adawa tana da hawa-hawa. Malam Aminu Kano ya ci kujerar Kano ta Gabas a 1959. A Arewa NEPU ce babbar mai adawa da NPC, amma a Ikko, saboda ƙawancenta da NCNC, a ɓangaren gwamnati Malam ya zauna, har ya riƙe muƙamin bulaliyar majalisa. Don haka idan ka ce "ɗan adawa", ka faɗa mana a wace majalisa.

"Kakakin majalisa" kuma ta riga ta zauna, amma tana da matsala. Mun saba da "kakakin rundunar 'yan sanda", wato mai magana da yawunsu. Majalisa ma tana da mai magana da yawunta, kuma ba shi ne mai jagorantar zama ba. Idan aka ce "kakakin majalisa ya musanta", wanne ake nufi? Wanda ke kan kujera yana ba da damar magana, yana buga guduma, irin Ibrahim Jalo Waziri na Gwambe daga 1960 zuwa 1966, "shugaban majalisar wakilai" ya fi bayyana aikinsa. In kuwa za ka riƙe masa "kakaki", to ka bar wa ɗayan "mai magana da yawun majalisa", kada ka sassaɓa.

TARAYYA, JIHA DA LARDI

"Tarayya" a Hausa rabo ne da haɗuwa a kan abu ɗaya, kamar magada da suka yi tarayya a gona. A bakin yau ta koma nufin Abuja kawai: aikin tarayya, titin tarayya. Ba laifi ba ne a ce Jami'ar Tarayya ta Dutse domin a bambanta ta da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, wadda ta jiha ce. Amma "tsarin tarayya" yana nufin kundin mulki ya raba iko tsakanin tsakiya da jihohi, kowa da nasa hurumin, ba wai tsakiya ke sammawa ba. A Jamhuriya ta Farko kowace jiha har nata kundin tsarin mulki gare ta, da wakilinta a Landan.

Kalmar "jiha" ita ma ta yi tafiya. A da, Arewa gaba ɗayanta ita ce Jihar Arewa. A ƙarƙashinta akwai larduna, Dutse da Jahun suna cikin Lardin Kano. Da aka ƙirƙiri jihohi 12 a 1967 sai kalmar ta sauko kansu, har aka yanki Jigawa daga Kano ranar 27 ga Agustan 1991. Ɗalibin da ya karanta "Jihar Arewa" a tsohon littafi kada ya auna ta da Jigawa mai ƙananan hukumomi 27.

Ka tsallaka Maigatari ka shiga Nijar, za ka ji "jihar Damagaram" da "jihar Maraɗi", kowace da gwamnanta. Amma Nijar ba tarayya ba ce, daga Yamai ake naɗo gwamnonin. Ga kalma ɗaya, ga iko iri biyu. Shi kuma "lardi", a tarihinmu Razdan ne ke riƙe da shi a madadin Kaduna. Idan ka kira Ontario ko Punjab ta Pakistan "lardi", ka ƙara da cewa tana da majalisarta da gwamnatinta zaɓaɓɓiya, domin lardinmu bai taɓa samun wannan ba.

"AI AN RIGA AN SABA"

Na san wani zai ce: Malam, harshe na masu shi ne, tunda an gane ai shi ke nan. Gaskiya ne, harshe na masu shi ne, shi ya sa ma ban ce a kori "kakaki" ko "firaminista" ba. Abin tambaya shi ne, an gane ɗin? Wanda ya tashi da cewa Sardauna gwamna ne, Ɓalewa shugaban ƙasa, Imran Khan kuma an kama shi da laifi ne majalisa ta tsige shi, bai gane ba, ya dai ji.

Kuma tarihin tsarin nan ya nuna abin da lafazi ke iya haifarwa. A watan Mayun 1962 Gwamnan Jihar Yamma, Sir Adesoji Aderemi, Ooni na Ife, ya sauke Firimiya Akintola ya naɗa Alhaji Dauda Adegbenro, bisa wata wasiƙa da 'yan majalisa 66 cikin 124 suka sa wa hannu. Kundin jihar ya ba gwamna damar sauke firimiya idan ya bayyana gare shi cewa ya rasa goyon bayan masu rinjaye. To ta yaya zai bayyana gare shi? Da wasiƙa, ko sai an kaɗa ƙuri'a a zaure? A kan wannan aka ba hamata iska a majalisar Ibadan, aka kafa dokar ta-ɓaci aka naɗa Dokta Moses Majekodunmi kantoma. Kotun Ƙolin Tarayya ta ba Akintola gaskiya, kotun ƙarshe ta Landan ta ba Adegbenro a 1963, majalisar Yamma kuma ta gyara kundin ta mayar da gyaran baya domin Akintola ya zauna. Rikicin Yamma na cikin abubuwan da suka kai ƙasar ga 15 ga Janairun 1966. Jimla ɗaya ce ba a fayyace ba.

Idan masu Turancin, da lauyoyinsu, sun yi tuntuɓe a kan lafazi, ina ga wanda ta bakin mai fassara kawai zai ji maganar? Mafi yawan mutanen Aujara, Jahun, Kiyawa da Miga da Hausa za su ji wannan muhawara, a rediyo ko a waya. Amanar tana wuyan masu rubutu da masu gabatar da shirye-shirye da mu malamai.

Ga abin da za ka riƙe. Tsarin mulkin majalisa, ba tsarin firaminista ba. Shugaban ƙasa daban, shugaban gwamnati daban. Firayim Minista na tarayya, Firimiya na jiha. Tsigewa sai da tuhuma, yankan ƙauna ƙirga rinjaye ne. Idan ka ce majalisa, faɗi wace. Idan ka ce jiha ko gwamna, faɗi ta wane zamani, ta wace ƙasa. Inda duk ka yi shakka, koma ga tambayoyin nan biyu: wa ya ɗora shi, wa zai iya sauke shi?

Wanda ke da kalmar da ta fi waɗannan dacewa, musamman 'yan'uwanmu na Nijar da dattawan da suka ga Jamhuriya ta Farko da idonsu, ƙofa a buɗe take, mu ƙaru da juna.

Allah ya ƙara mana fahimta, ya sa mu dace.